Baƙin dutsen da aka ce kurom ne: amsa ga wani ɗan Tawa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Tawa ne, ina sayar da kayan gini. Kawuna ya tsinto wani baƙin dutse mai nauyi a kan tudu wajen Keita. Wani dillali ya duba ya ce kurom ne, wai ƴan Sin na sayensa da tsada, har ya ce mu haɗa kuɗi a fidda takarda a fara haƙa. Don Allah wane dutse ne ake samun kurom daga cikinsa? Ta yaya ake gane shi? Akwai shi a Nijar? In kuma shi ɗin ne, akwai kuɗi a ciki?

Amsa: Barka kadai, ƙanena, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Dutsen da kake tambaya sunansa kuromit. Duk kurom ɗin da ke yawo a duniya, daga na cokali har na jimar fata, daga cikinsa aka fitar. Akwai wasu ma'adinai da ke ɗauke da kurom, amma babu ko ɗaya mai yawan da za a kafa masa mahaƙa. Kafin mu yi nisa bari in faɗa maka abin da ya fi damunka: ku riƙe kuɗinku. Da ƙyar ƙwarai dutsen da aka tsinta a tudun Keita zai zama kuromit, domin ƙasar Adar, wato yankinku na Tawa, ba irin wadda ke haifarsa ba ce. In ma an ce shi ɗin ne, ba kaya ba ne da mutum biyu ko uku za su haƙa da diga da shebur su ga riba.

Kuromit haɗin abu uku ne: baƙin ƙarfe, kurom da iskar oksijin. A takarda ana rubuta shi FeCr2O4. Da za a same shi tsantsa, kusan kashi 68 cikin 100 na nauyinsa zai zama haɗin kurom da oksijin, wato Cr2O3, kuma da wannan lamba ake ciniki a kasuwar duniya. Amma daga ƙasa ba ya zuwa tsantsa. Magneziyom kan zauna a gurbin ƙarfen, alminiyom kan zauna a gurbin kurom ɗin, ga kuma dutsen da ke manne da shi. Shi ya sa wanda ake lodawa a jirgi yawanci tsakanin kashi 40 ne zuwa 50. Ba ma a cikinsa aka fara gano kurom ba. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis-Nicolas Vauquelin, shi ya gano shi a 1797 cikin wani jan dutse mai dalma da aka kawo daga tsaunukan Ural na Rasha, a 1798 kuma ya gasa da gawayi ya fitar da ƙarfen. Jan dutsen nan ɗan kaɗan ne a duniya, sai a gidajen adana kayan tarihi. Kasuwa ta koma kan baƙin.

Mu masu aikin duwatsu, idan aka miƙo mana dutse, kafin mu juya shi sau biyu muna tambayar inda aka ɗauko shi. Dalili kuwa, kowane ma'adini yana da irin ƙasar da ke haifarsa. Kuromit daga narkakken dutse yake fitowa, mai tsananin zafi, wanda ke tasowa daga can ƙarƙashin ɓawon duniya, mai yawan magneziyom da ƙarfe. Idan narkakken dutsen ya samu wuri a cikin ƙasa ya tsaya ya fara hucewa, kuromit na cikin waɗanda ke fara daskarewa. Ƙwayoyinsa sun fi ruwan dutsen nauyi, sai su nutse su taru a ƙasa, kamar yadda tsakuwa ke taruwa a gindin ƙwarya idan mace na rege gero. Wani sabon narkakken dutsen ya sake kwararowa, wata shimfiɗar ta kwanta a kan ta farko. A haka ake samun baƙaƙen shimfiɗu hawa-hawa a tsakanin wasu duwatsun.

Babban wurin da hakan ya faru shi ne Bushveld, a arewacin Afirka ta Kudu, shekara kusan biliyan 2 da suka wuce. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 60,000. A can sai ka ga shimfiɗar kuromit da kaurinta bai fi mita ɗaya ba, a bi ta gomman kilomita ba ta yanke ba. Ɗaya daga cikin shimfiɗun, wadda suke kira UG2, tana ɗauke da filatinom, ƙarfen da ake sayarwa da giram. Kamfanoni na haƙarta don filatinom ɗin, kuromit ya fito a matsayin saura, su wanke su sayar. Ka riƙe wannan a ranka, domin duk wanda zai shiga kasuwar kuromit da waɗannan mutane zai yi gogayya, masu sayar da abin da kuɗin haƙarsa ya riga ya fita ta wani wuri. A Zimbabuwe ma akwai irin wannan, wani dogon tsiri na dutse da ya ratsa ƙasar, tsawonsa kusan kilomita 550. A Turai akwai mahaƙar Kemi a arewacin Finlan.

Nau'i na biyu daga ƙasan teku na zamanin da yake. Motsin ƙasa ne ya tunkuɗo ɓawon da ke ƙarƙashin teku ya ɗora shi a kan tudu, da kuromit ɗinsa a ciki. Wannan ba a shimfiɗe yake ba, dunƙule-dunƙule ne a warwatse, wani ƙarami da za a cinye cikin ƴan watanni, wani kuma na miliyoyin tan. Irinsa ne a Turkiyya, Albaniya, Oman, Pakistan, da tsaunukan Ingessana na Sudan, da kuma Kazakistan mai manyan dunƙule masu kyau. A nau'o'in biyu duk kuromit ba ya zama shi kaɗai. Yana cikin duwatsu masu duhu da nauyi, waɗanda sau da yawa sun riga sun rikiɗe sun koma wani dutse kore-kore mai santsi da maiƙo a hannu, wanda muke kira sarpantinit, da fararen jijiyoyi sun ratsa shi.

To yanzu dubi Adar. Daga Tawa zuwa Keita, Buza, Madawa, Illela har Ƙonni, ƙasar da kuke takawa laka ce da yashi da farar ƙasa da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa, lokacin da teku ya malale wannan yanki, shekara miliyan 60 da wani abu da suka wuce. Yaran da ke kiwo a kan tudun nan na tsintar ƙwanson halittun teku da suka zama dutse, shaida ke nan. Arzikin irin wannan ƙasa daban ne. Dutsen farar ƙasa ne da aka kafa masana'antar siminti ta Malbaza dominsa, da jips ɗin da mata ke tsinta suna tarawa ana saye don simintin, da fosfat, da gawayin ƙasa na Salkadamna. Duwatsun da ke haifar kuromit, in ma suna nan, suna can binne ƙarƙashin ɗaruruwan mita na waɗannan shimfiɗu.

Baƙin dutse mai nauyi kuwa da ke rufe kawunan tuddan Adar, tama ce. Ita ce ta ba tuddan wannan duhu da kake hangowa daga kan hanya. Fasa guda ka duba cikinta da kyau. Galibi za ka ga ƙananan ƙwayoyi zagayayyu manne da juna, girman ƙwayar gero ko ƙasa da haka, launinsu tsakanin ja da ruwan ƙasa, baƙin kuwa a fatar waje kawai yake, rana da iska suka gasa shi. Maƙeran Adar sun daɗe suna narka ta suna fitar da ƙarfen garma da gatari, tun kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa. Wannan ya bar wani abin da ke ruɗin mutane har yau: kashin maƙera. A tsofaffin wuraren narka tama ana samunsa tuli-tuli, baƙi, mai nauyi, wani lokaci da ƙyalli. Alamarsa ƙananan ramuka na kumfa da kuma fuskar da ke nuna ya taɓa kwarara yana ruwa. Da yawa daga cikin abin da ake kawo mana ana cewa kurom ne ko dutsen da ya faɗo daga sama, kashin maƙera ne.

A Nijar inda za a nemi kuromit da hujja shi ne yamma da kogi, yankin Liptako a jihar Tilaberi, inda tsofaffin duwatsu masu shekara sama da biliyan 2 suka fito fili, waɗanda su ne kuma ke ɗauke da zinariyar Samira da Komabangu. An daɗe da sanin alamun kuromit a wajen Makalondi, kan hanyar Yamai zuwa iyakar Burkina Faso. Alamu na ce. Ba a taɓa buɗe mahaƙarsa ba, kuma Nijar ba ta cikin ƙasashen da ke fitar da shi. Ga mu masu bincike, amfanin ganinsa a irin wannan wuri ya fi ƙarfi a matsayin ɗan jagora: inda ya ɓulla akan duba ko akwai nikel ko filatinom a kusa. Kai ma ka san halin tsaro a wannan yanki a shekarun nan, ba wurin da zan tura mutum yawon neman dutse ba ne.

Gani ya kori ji, don haka ga yadda za ka gwada dutsen a shagonka ba tare da ka kashe ko tamma ba. Tunda kayan gini kake sayarwa, ɗauki gutsuren farin karo na daɓen ɗaki, ka juya bayansa, wajen da ba a shafe ba. Fasa dutsen ka goga sabuwar fuskar a kai da ƙarfi. Launin layin da ya bari ya fi launin dutsen gaskiya. Kuromit baƙi ne a ido amma layinsa ruwan ƙasa ne mai duhu. Tama ja takan bari, ko rawaya-rawaya mai ruwan ƙasa. Idan layin ya fito baƙi ƙirin, to wani ma'adinin ne daban: ko magnetit, ko ilmenit, ko manganis. Daga nan kawo mayen ƙarfe, na tsohuwar lasifika ya wadatar. Magnetit zai manne masa caraf. Kuromit ko dai ya yi ɗan motsi kaɗan ko kuma ya yi biris. Manganis kuma yakan baƙanta yatsa, in ka ɗiga wa garinsa ruwan oksijene na wanke ciwo da ake sayarwa a kantin magani, sai ya hau kumfa. Akwai shi a arewacin Tera, shi ya sa masu dawowa daga wajen haƙar zinariya kan zo da shi a aljihu.

Layin tama mai ruwan ƙasa da na kuromit na iya rikita sabon ido. Abin da ke raba gardama shi ne nauyi, kuma ba nauyin da ake ji a tafin hannu ba. Nemi ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya. Auna gutsuren dutsen a bushe ka rubuta. Ɗora kofi da ruwa a kan sikelin ka maida shi sifiri. Ɗaure dutsen da zare ka zura shi cikin ruwan har ya nutse duka, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Lambar da sikelin ya nuna yanzu ita za ka raba nauyin farko da ita. Misali, dutse mai giram 46 da ya nuna 10 a ruwa ya ba ka 4.6. Farin dutsen da masu zinariya ke daka yana ba da 2.65. Tamar tudu mai ƙwayoyi da wuya ta kai 4. Tsantsar kuromit tsakanin 4.5 ne da 4.8, in yana gauraye da dutsensa ya ɗan sauka. Magnetit wajen 5.2, kuzar Abzin wajen 7, dutsen tozali 7.5, zinariya kuma ta haura 19. Taurinsa daidai yake da na bakin wuƙa, wuƙa ba ta cin sa sai da ƙyar.

In kana da aboki maƙerin azurfa, akwai gwaji na ƙarshe. Ya narka hodar boras ɗin da suke aiki da ita a bakin waya har ta zama ɗan ƙwallon gilashi, ya taɓa garin dutsen kaɗan, ya maida wuta. Kurom yana rina shi kore shar, kuma koren ba ya gushewa in ya huce. Manganis yakan ba da shunayya, ƙarfe rawaya ko kore mai dushi-dushi. Kurom dai gwanin rini ne, shi ne ke ba yaƙutu jansa, shi ne ke ba zumurrudu korensa. Sai dai ka ji ni da kyau: kada wani ya ce a gasa garin dutsen da kanwa a gani. In kuromit ne, abin da zai fito rawaya ne kuma guba ne. Zan dawo kan wannan.

Yanzu maganar kuɗi, inda na fi son kawu ya saurara. Zinariya ta ɓata mana lissafi. Tun da aka buɗe wuraren haƙar zinariya na Jado da Cibarakaten a 2014, kowa ya ga wanda ya tafi da jarkar ruwa ya dawo da mota, sai muka ɗauka duk ma'adini haka yake. Zinariya da giram ake sayar da ita, mutum ya sa arzikinsa a aljihun riga ya hau mota. Kuromit da tan ake sayar da shi, masu saye kuma da jirgin ruwa suke lissafi. Duniya na haƙo sama da tan miliyan 40 a shekara. Afirka ta Kudu kaɗai na ba da sama da kashi 40 cikin 100, sai Kazakistan, Turkiyya da Indiya. A 2023 da 2024, tan ɗaya na wankakken kuromit mai kashi 40 zuwa 42, bayan an kai shi har tashar jirgin ruwa a Sin, ya yi yawo ne a wajen dalar Amurka 300, wani lokaci ƙasa da haka sosai. In ka juya shi sefa, jika 180 ke nan ko kusa. Kilo ɗaya bai kai sefa 200 ba. Buhun da zai karya bayan jaki bai kai kuɗin giram ɗaya na zinariya ba.

A cikin jika 180 ɗin nan za a cire kuɗin haƙa, da niƙa, da wankewa, wanda ke cin ruwa mai yawa, da haraji, da kuɗin babbar mota daga nan zuwa Kwatano ko Lome, tafiyar sama da kilomita 1,000, da kuɗin tasha, da na jirgi. Jirgi mai ɗaukar tan 50,000 sai an yi masa lodin manyan motoci sama da 1,400 masu tan 35 kafin ya cika. Mutanen Afirka ta Kudu suna da layin dogo da tashoshin Richards Bay da Durban, ga ta Maputo a maƙwabta, duk da haka kukan sufuri suke yi. Gaskiya ne ƴan Sin na saye, dillalin bai yi ƙarya a nan ba. Su ne manyan masu saye, domin suna yin fiye da rabin inoks na duniya, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, alhali ba su da kuromit mai yawa a ƙasarsu. Amma mai neman dubban tan kowane wata ba ya aiko dillali ya tara jika-jika a hannun ƴan kasuwar Tawa. Sunan kayan ne kawai ke sauyawa a bakin irin waɗannan mutane, jiya koltan, yau litiyom, gobe kurom.

Wani zai ce to mu narka shi a gida mu sayar da ƙarfen. Zuga-zugin da ya narka tamar Adar ba zai yi wa kuromit komai ba. Taurinsa a gaban wuta ya kai har da shi ake yin tubalin da ake jerawa cikin tanderun narka ƙarfe, da yashin da ake zuba narkakken ƙarfe a ciki. Ana narka shi ne a katon tanderun lantarki, a haɗa shi da gawayin kwal, zafi ya kai wajen digiri 1,700. Abin da ke fita shi ne ferokurom, gamin ƙarfe da kurom. Kusan tan biyu da rabi na dutsen ke ba da tan ɗaya, kowane tan kuma na shan kilowat-awa 3,000 zuwa 4,000 na wuta. Yi lissafi: matsakaiciyar masana'anta mai fitar da tan 100,000 a shekara tana buƙatar wajen megawat 40, dare da rana ba ɗaukewa. Tashar hasken rana ta Goru Banda da ke nan Yamai megawat 30 ce, ita ma sai da rana tsaka. Ko Afirka ta Kudu tsadar wuta da yankewarta sun sa ta rufe tanderu da dama, ta koma loda ɗanyen dutse zuwa Sin, wadda ta zarce ta a yin ferokurom tun wajen 2012. Finlan ta tsira ne saboda mahaƙar Kemi da masana'antar ferokurom da ta inoks a Tornio duk suna kusa da juna, a bakin teku. A ganina darasin da ya shafe mu a nan ya wuce kurom, ya shafi har tamar Sayi da aka daɗe da sanin tana kwance.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuromit ta wannan tanderu yake bi, mafi yawansa ya ƙare a inoks. A 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley, a garin Sheffield na Ingila, yana neman ƙarfen bakin bindiga da ba ya saurin cinyewa, ya lura cewa wanda ya sa wa kurom da yawa ba ya tsatsa. Sai kurom ya kai kashi 10.5 cikin 100 ake kiran ƙarfe inoks. Kurom ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tare ruwa, in an karce ta kuma ta sake rufewa da kanta. Lambar 18/8 ko 18/10 da kake gani a bayan cokali, ta farkon kason kurom ce, ta biyun na nikel. Tunda kana sayar da famfo da kwaɗo, ga wata ƴar dabara: abin da aka yi wa wankan kurom a waje kawai, irin salansar babur, in ya karce tsatsa ce za ta biyo baya, inoks na gaske kuwa har cikinsa haka yake. Mayen ƙarfe ba ya yanke hukunci a nan, domin akwai inoks na gaske da yake kamawa.

Sauran ɗan kason yana tafiya wajen sinadarai, kuma nan ya shigo sana'ar da kuka fi sani a Tawa. Majemanmu da bagaruwa suke jima, aiki mai cin kwanaki. Masana'antu da gishirin kurom suke yi, hanyar da ta yaɗu bayan Augustus Schultz ya yi mata rajista a Amurka a 1884, fata ta jimu cikin yini guda, ta fito shuɗi-shuɗi. Kusan kashi 80 cikin 100 ko fiye na fatar duniya yanzu haka ake jeme ta. Baduku na gane ta da an yanka, tsakiyarta shuɗi mai toka-toka ne, kuma ba ta riƙe zane yadda ta bagaruwa ke riƙewa.

Batun guba da na ajiye: kurom fuska biyu gare shi. Wanda ke cikin dutsen da wanda ke cikin jemammiyar fata shi masana ke kira mai daraja uku, a kwance yake, ba ya narkewa a ruwa da sauƙi. In aka gasa shi da zafi mai yawa tare da kanwa ko makamanciyarta a cikin iska, sai ya koma mai daraja shida, rawaya, mai narkewa a ruwa, mai cin fata, mai huda hanci, mai jawo sankarar huhu ga wanda ya daɗe yana shaƙa. Kwarin Sukinda a jihar Odisha ta Indiya, inda mafi yawan kuromit ɗinsu yake, ya yi suna wajen gurɓatar ruwa da shi. Don haka ba a ƙona yankakkun fatun masana'anta a murhu. Akwai ɗan kaɗan na mai daraja shidan a cikin siminti, kowane iri, kuma yana cikin abin da ke sa hannun magina ya tsattsage ya riƙa ƙaiƙayi ba ya warkewa. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi tun 2005, kada ya wuce miligiram 2 a kilo. Ka riƙa ajiye safar hannu ta roba kusa da buhunan siminti, ka tallata wa maginan da ke sayayya wurinka. Mai fasa sarpantinit kuma ya rufe hanci da kyau, domin wani lokaci akwai zaren asbestos mai cutar da huhu a cikinsa.

In bayan gwajin gida har yanzu zuciyarku ba ta kwanta ba, zuwa da kai ya fi saƙo. Ku je wurin da kanku, ba tare da dillalin ba, kuma kada ku karɓi samfur daga hannunsa. Sanannen wayo ne a kawo dutse mai kyau daga wata ƙasa a ce a nan aka tsinta. Haka ma na'urar hannu da ake ɗora wa dutse ta nuna lambobi: gaskiya take faɗa, amma ɗan wurin da aka ɗora bakinta kawai take karantawa, mai riƙe da ita kuma shi ke zaɓen wurin. Ku fasa daga dutsen da ke kafe a ƙasa, ba wanda ke yashe a sama ba, daga wurare da dama, mai kyau da marar kyau, kowanne a ledarsa da alamar inda aka ɗauka. Ku haɗa da gutsuren dutsen da ke kewaye da shi, shi ne ma zai fara ba masani labari. Ku fara da ofishin ma'aikatar ma'adinai na jiha da ke Tawa. A Yamai akwai sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni, da makarantar EMIG, da cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta gwamnati, CRGM.

Takarda kuwa, a dokar Nijar abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne ko da gonar taka ce, kuma ma'aikatar ma'adinai ke ba da izinin bincike ko na haƙa, da rasit, da sunan mai nema a rubuce. Ba a neman izinin haƙar abin da ba a gwada ba. Idan an kai ga awon ɗakin gwaji, ku ce a rubuta muku kason Cr2O3, da na ƙarfe, da na sinadarin yashi, SiO2. Masu tanderu suna duba yawan kurom a kan ƙarfe: na Afirka ta Kudu yakan tsaya wajen ninki ɗaya da rabi, na Turkiyya da Kazakistan yakan kai ninki uku, shi ya sa ya fi tsada. In dutsen kore-kore ne mai santsi, ku ce a ƙara da awon nikel.